Babi na 6: Shirya gajeren fim da hotuna ɗaya bayan ɗaya

A wannan irin fim ana ajiye abu, a ɗauki hotonsa, a ɗan gusa shi, a sake ɗauka. Idan hotunan suka wuce da sauri, ido sai ya ga abin yana tafiya da kansa.

A fara da lissafi kafin a taɓa waya. A wannan aikin, hoto 12 ne za su yi daƙiƙa ɗaya, wato fim na daƙiƙa 10 zai ci hoto 120. In kowane hoto ya ɗauki rabin minti, awa guda ke nan cur. Don haka a zaɓi labari ƙarami: kaza ta zo, ta tsattsage dawa, ta tafi. A raba takarda gida 6, a zana abin da zai faru a kowane gida, a rubuta yawan hotunansa a ƙasa. Tsattsagar ta fi cin hoto, a ba ta 60.

Kayan aiki su ne waya mai manhajar Stop Motion Studio (wadda ke ɗaukar hotunan ta haɗa su su zama fim), kwali, almakashi, salatif, fitila mai caji da ƙwayar dawa kamar 20. Kazar kwali ta fi ta yumɓu sauƙi ga mai koyo, domin yumɓu kan bushe ya tsage, musamman da hunturu. A yanka kan kazar daban da jikinta, don ya riƙa sunkuyawa.

Mutum huɗu sun isa: mai danna waya, mai gusa kaza, mai cire dawa, da mai ƙirga. Mai ƙirga ne zai ce "a janye hannu" kafin kowace ɗauka.

A kwantar da wayar a bakin tebur, kyamara na kallon ƙasa, a ɗora littafi a kanta, a shimfiɗa kwalin da kazar za ta yi tafiya a kai a ƙasa, a manne shi da salatif. Ko kaɗan wayar ta gusa, fim ɗin zai yi rawa. Hasken taga ma yana ɓata aiki, saboda rana na tafiya, gajimare na giftawa, sai hotunan su riƙa walƙiya. A rufe taga, a kunna fitila, kada kowa ya tsaya gabanta.

Kowane gusawa kada ya wuce rabin santimita, in ya wuce kazar za ta riƙa tsalle. Bayan hoto 24 na farko a tsaya a kalla, a gyara, sannan a ci gaba.