Yadda na sa wa Corollata rediyon Android ba tare da an yanka waya ba

Abin da ya sa na koyi wannan aiki da hannuna shi ne abin da ya faru da motar yayana. Ya sayi rediyon Android mai allon taɓawa, ya kai wa wani mai wayarin, cikin minti arba'in aka gama, kiɗa ya tashi, kowa ya yi murna. Washegari da asuba za mu tafi ɗaurin aure Zariya, aka murɗa makulli, mota ta ce ƙas, ta yi shiru. Ga ta otomatik, turi ba ya tada ta. Sai da muka tashi maƙwabci daga barci ya ara mana batir. Da aka buɗe bayan rediyon daga baya, sai muka tarar mutumin ya datse soket ɗin kamfani gaba ɗaya ya yar, ya murɗe jar waya da rawaya wuri guda, ya naɗe da salatif. Rediyon bai taɓa mutuwa ba tun da aka sa shi, dare guda ya shanye batirin.

Tawa Corolla ce ta 2005, 'yar Kwatano, ƙirar Amurka. Abin da zan faɗa a kanta na yi shi, amma yawancinsa ya shafi kowace mota.

Tun a kasuwa ake cin wannan aiki ko a faɗi. Ramin rediyo a mota yana da ma'auni da ake kira DIN. Ƙaramin yana da faɗin milimita 180 da tsayin 50, babban kuma, wato dabul DIN, tsayinsa 100. Toyota da yawa ramin nasu ya fi haka faɗi, kusan milimita 200, shi ya sa za ka ga an sa rediyo a Toyota an bar ɓaraka hagu da dama. Masu allon inci 9 da 10 ba sa shiga rami ma, a kan firam suke zama, kuma kowace mota da nata firam. Saboda haka kada ka ce wa mai shago "na Corolla" kawai. Faɗa masa shekarar, ka nuna masa hoton dashbod ɗinka a waya. Masu Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake wa laƙabi da End of Discussion ko Discussion Continues, ku ƙara lura: maɓallan AC ɗinku a jikin rediyon suke, in firam ɗin da aka ba ku bai tanadi wannan ba, za ku sami allo ku rasa sanyi.

Abu na biyu, wanda ya fi allon kansa muhimmanci a wurina, shi ne damin wayoyin da ke da soket irin na motarka. Tsofaffin Toyota soket biyu ne farare a bayan rediyo, ɗaya mai baki 10, ɗaya mai baki 6. In aka ba ka dami mai irin wannan kai, aikinka cusawa ne kawai. Idan mai shago ya ce babu, "ai mai wayarin zai haɗa maka", ka ɗauki kuɗinka ka shiga shago na gaba. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba za ka rasa ba. Motar da ta zo da amfilifaya na kamfani, kamar Toyota masu tambarin JBL, nata damin daban ne. Sababbin motoci kuma suna buƙatar wani ɗan akwati da ake kira kanbos, wanda ke fassara wa rediyon saƙonnin kwamfutar mota.

Kan rediyon kansa, ga ra'ayina. Mai RAM 1GB ɓarnar kuɗi ne, kafin taswira ta buɗe ka wuce kwanar da kake nema. Mai 2GB zai yi in rediyo da Bluetooth kawai kake so. Ni na ɗauki mai 4GB da ma'ajiyar 64GB, mai furosesa UIS7862. Abin da aka rubuta a kwali ba hujja ba ne, ana sa musu lambobin ƙarya har a cikin saitin. Ka sa a jona shi da batir a gabanka, ka buɗe manhajoji uku ko huɗu, ka riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan, yatsanka zai gaya maka gaskiya. Sannan ka juya bayansa ka duba ko yana da fanka. Motar da ta wuni a rana a watan Afrilu a Kano, bayan dashbod ɗinta tanda ne, kuma zafi ne ke sa waɗannan na'urori su riƙa daskarewa. Rubutun 4x50W na ƙarfin sauti kuwa, kada ya ruɗe ka. Abin da ke isa kowace sifika da gaske bai wuce wajen wat 20 ba, kuma ya ishi sifikun kamfani.

Kayan aiki ba su da yawa: sifana mai lamba 10, in da hali ta soket mai dogon hannu, sukudireba mai bakin tauraro, mita ta gwada wuta, salatif na lantarki, ɗaurin roba, da ɗan lebur na roba na ɓamɓare dashbod. In babu lebur, naɗe bakin sukudireba da tsumma. Ka zaɓi lokacin da jikin motar ya ɗan yi ɗumi. Roba mai shekara ashirin da safiyar hunturu kamar ƙwai take, ni na karya ƙugiya ɗaya kafin na gane haka.

Kafin ka taɓa komai, fitar da faifan da ke cikin tsohon rediyon, don in ka cire shi ba zai ƙara tofo maka ba. Ja hambirki. In otomatik ce, mayar da giya baya don ta ba ka fili. Daga nan buɗe bonet ka kwance kan batir na negatif, ka kautar da shi gefe yadda ba zai koma ya taɓa ba.

A wannan Corollar daga ƙasa ake farawa. Ɓamɓare murfin da ya kewaye giya. Zare maɓallin fanka na tsakiya, za ka ga kusa ɗaya a ɓoye a bayansa, kwance ta. Wanda bai san da wannan kusar ba shi ne ke finciko allon AC ya tsaga shi. Bayan ta fita, allon zai taho da ɗan ja, ba sai ka raba shi da igiyoyinsa ba, sunkuyar da shi kawai. A ƙarƙashin rediyon akwai notuna huɗu masu lamba 10. Riƙe su da kyau, wanda ya faɗa ciki ya tafi ke nan, sai dai ka riƙa jin ƙararsa a kowane rami. Rediyon zai fito tare da ramukan iskan da ke samansa. Ɗauki hoton bayansa da wayarka kafin ka zare soket ko ɗaya. Ramukan iskan nan za ka cire su daga tsohon firam ka mayar a sabon, a hankali, ƙugiya bayan ƙugiya. Nan na fi ɓata lokaci, ɗan yayata da ke riƙe min fitila har ya fara hamma.

Yanzu wayoyi. Ko da damin naka na cusawa ne, ka san abin da kowace ke yi, don wata rana za ka buƙata. Launukan da zan faɗa na ɓangaren sabon rediyon ne. Na cikin mota kowane kamfani da nasa, kada ka haɗa launi da launi da ka.

Rawaya, mai rubutun BATT ko B+, ita ce wutar dindindin daga batir, ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja, mai rubutun ACC, ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, ita ce ke gaya wa rediyon ya tashi ko ya kwanta. Baƙa ita ce at, tana zuwa jikin ƙarfen mota. Duk rigimar tana tsakanin rawaya da ja. In aka haɗe su a wutar dindindin, abin da ya sami yayana ne zai same ka. In aka haɗe su a wutar makulli, ko aka juya su, batir zai tsira amma kullum da safe rediyon zai tashi kamar sabon haihuwa, ba agogo, ba tasha. Gwajin mai sauƙi ne. Mayar da kan batir na ɗan lokaci, sa mita a volt 20 na DC, baƙin tsinke a jikin ƙarfe, jan tsinke a bakin soket. Wadda ta nuna wajen 12 makulli na aljihunka, ita ce abokiyar rawaya. Wadda ta nuna sifili sai da ka murɗa makulli, ita ce abokiyar ja. Sake cire kan batirin kafin ka ci gaba.

Na sifika guda takwas ne, biyu-biyu: fara gaba hagu, toka gaba dama, kore baya hagu, shunayya baya dama, kuma mai baƙin layi a kowane biyu ita ce negatif. Kada ka taɓa kai negatif ɗin sifika jikin mota, nan take za ka ƙona abin da ke ba da sauti. Idan motarka an riga an yi mata aika-aika, soket ya tafi, ɗauki ƙaramin batirin tocila mai volt 1.5 ka taɓa wayoyin biyu-biyu, sifikar da ta yi ƙwas ita ce tasu. A irin wannan hali ka like da dalma ka rufe da kyau, murɗawa da salatif ba ya jure zafi da girgizar hanyoyinmu. Shuɗiya mai rubutun ANT tana ba eriya wuta; motoci da yawa eriyarsu na da ɗan amfilifaya, in ka manta da ita za ka ji tashoshi na shuu ka ɗauka rediyon ne maras kyau. Mai ruwan lemo tana rage hasken allo in ka kunna fitilun dare. Duk wadda ba ka yi amfani da ita ba, rufe bakinta ita kaɗai.

Akwai wata mai rubutun BRAKE da ke hana bidiyo yin aiki sai an ja hambirki. Kusan kowa kai ta jikin ƙarfe yake don fim ya riƙa tafiya ana tuƙi. Ni na haɗa tawa da hambirki yadda aka tsara. Na san halina, na kuma san yadda mai adaidaita sahu ke tsayawa a gabanka a titin Zoo Road ba sigina.

Kyamarar ribas ita ce ta fi cin lokaci, ita ce kuma ta fi amfani. Tana cin wuta daga fitilar ribas ta baya: jarta a wayar fitilar, baƙarta a jikin ƙarfe. Doguwar wayar bidiyo mai rawayan kai tana da ɗan jan reshe a kowane ƙarshe. Na baya ka haɗa shi da wayar fitilar ribas ɗin, na gaba kuma da wadda aka rubuta wa BACK ko REVERSE a bayan rediyo. Shi ne ke sa allo ya juya da kansa in ka sa ribas. Bi da wayar ta ƙarƙashin robobin dokin ƙofa, ta gefen kujerar baya, zuwa but, ka bar mata sassauci a inda murfin but ke lanƙwasawa.

Eriyar GPS tana gani ta cikin roba da gilas, ba ta gani ta cikin ƙarfe. Na manna tawa a sama can ƙarƙashin robar dashbod. Makirfo kuma na sa shi a kan wuyan sitiyari, nesa da ramin iska, in ba haka ba wanda ka kira guguwa kawai zai riƙa ji. Wayoyin USB na zura su cikin akwatin gaban fasinja.

Kada ka rufe komai tukuna. Cusa soket, mayar da kan batir, ɗora allon a kan tsumma, ka gwada. Tura sauti kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar hagu hagu ne. Sa ribas. Kira wani. Kunna fitila. Sannan shiga saitin rediyo ka mayar da yankin zuwa Turai. A tsarin Amurka tashoshin AM tazarar 10 kHz suke bi, mu kuwa a Afirka 9 ne, FM ɗinsu ma yana tsallake lambobi. Na Japan kuma daga 76 yake farawa. Da na gyara wannan na ajiye Freedom a 99.5, Arewa a 93.1, Rahma a 97.3. Wasu saitukan suna bayan lambar sirri, karɓe ta a wurin mai shago tun ranar saye.

Gwaji na ƙarshe shi ne na yayana. Zare makulli, ka ga allo ya mutu. Waɗannan injuna suna da yanayin barci don su tashi da sauri, kuma suna ɗan lasar wuta a cikinsa. In motarka na kwana uku ba a tada ta ba, rage lokacin barcin a saiti ko ka kashe shi. Ni na cire kan negatif, na sa mita a amfiya 10 tsakaninsa da batir, ƙofofi a rufe, na jira 'yan mintuna. Ƙasa da miliamfiya 50 lafiya ne. Tawa ta sauka ƙasa da haka, sai na ɗaure wayoyin da ɗaurin roba don kada su riƙa kaɗawa, na tura su gefe nesa da fankar, na mayar da notuna huɗu, kusar ɓoye, maɓalli, murfin giya.

Tsohon rediyon yana cikin kwalin sabon, a saman kabad, tare da firam ɗinsa. Ranar da zan sayar da motar, minti ashirin ya ishe ni mayar da shi, tunda soket ɗin kamfani suna nan yadda suka zo.