Darasi na 7: Bashi, Wasiyya da Rabon Gado

Mutane da yawa ba sa son a yi musu maganar wasiyya, gani suke kamar kiran mutuwa ne. Alhali Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito daga Annabi (SAW) cewa bai kamata Musulmin da ke da abin da zai yi wasiyya a kai ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba.

Rabon gado kansa ba aikinka ba ne. Allah Ya riga Ya raba a Suratun Nisa'i, aya ta 11, ta 12 da ta 176. Naka shi ne ka bar wa magada da alƙali bayani a fili: mene ne mallakinka, wa ke bin ka, wa kake bi. Yawancin rigimar gado daga rashin wannan bayanin take tasowa.

Idan mutum ya rasu, daga dukiyarsa ake fara cire kuɗin likkafani da binnewa. Sai a biya bashi, har da ragowar sadakin matarsa idan bai cika ba. Sannan a zartar da wasiyya. Abin da ya rage shi ne gado.

Wasiyya ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya so ya bayar da fiye da haka lokacin da yake jinya, Annabi (SAW) ya tsayar da shi a kan sulusi, ya ce sulusin ma da yawa. Kuma ba a yi wa magaji wasiyya, sai in sauran magada sun amince. To wa ake yi wa? Ka duba jikan da ubansa ya riga ka rasuwa. Muddin kana da ɗa namiji a raye, wannan jikan ba ya gadonka, ko da a ɗakinka ya girma. Haka yaron da ka riƙa, da agolan gidanka. In ba ka rubuta musu wani abu ba, sai dai abin da magada suka ga dama.

Ga lissafi. Wani magidanci ya bar dukiyar naira 3,000,000. Jana'iza da bashi suka ci 300,000, saura 2,700,000. Ya yi wa jikansa maraya wasiyyar 300,000, kuma ta halatta tunda sulusin dukiyar 900,000 ne. Saura 2,400,000. Iyayensa sun rasu. Ya bar mace ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3. Matar tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas: 300,000. Da mata biyu ne, wannan tumunin za su raba, kowacce 150,000. Ragowar 2,100,000 a kasa ta 7, domin namiji yana ɗaukar rabon mace biyu. Kowane ɗa 600,000, kowace 'ya 300,000.

Maganar kyauta tana son natsuwa. Uba ya ce a gaban mutane, "Gonar bakin rafi na ba wane," amma shi ya ci gaba da noma ta, shi ke kwashe amfanin, har ya rasu. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai kyautar yana da rai da lafiya. In ba haka ba, gonar ta koma cikin gado. Saboda haka in za ka bayar, ka bayar gaba ɗaya, da shaidu da takarda. Ka kuma yi adalci tsakanin 'ya'yanka.

Mata, wannan darasin naku ne ku ma. Awakinki, keken ɗinkinki, filin da kika gada daga mahaifinki, duk ki sa a rubuta cewa naki ne, kada ranar rabo a haɗa da kayan maigida. Ke ma ana gadonki.

Sunan da ka rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusancinka bai mai da mutumin magajin kuɗin ba. Shi za a nema kawai. Banki da kamfanin fansho sukan buƙaci takardar kotu kafin su saki kuɗin mamaci, don haka iyali su san bankin da kake ajiya. Takardar shaidar mallakar fili, takardar cinikin gida mai sa hannun mai unguwa, rasit ɗin babur, a haɗa su cikin leda a ajiye inda ruwa da gara ba sa kaiwa, mutum biyu amintattu su san wurin.

Aikin gida:

1. Samu littafi mai shafi 40. A shafin farko rubuta sunanka da kwanan wata, sai abin da ka mallaka ɗaya bayan ɗaya.
2. A wani shafin rubuta waɗanda ke bin ka da waɗanda kake bi, har adashi da ajiyar da aka ba ka amana. In hannunka bai faɗa da rubutu ba tukuna, ka yi da ajami, ko wani ya rubuta a karanta maka a gaban shaidu biyu, ka dangwala.
3. Wani ya rasu ya bar 800,000 bayan an biya bashi. Yana da mace ɗaya da 'ya'ya. Nawa ne rabon matar?