Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen koya wa yara buga alamomin adinkra

Da zarar an yi hutun makaranta a Kumasi ta ƙasar Ghana, har cikin Zango, sai ka ga an tara yara ana buga alamomin adinkra a kati ko a ƙyalle, kuma kullum ɓarnar iri ɗaya ce. Iyaye da malamai, ga inda aikin ke lalacewa.

Babban kuskure shi ne zaɓen alama don ta yi kyau a ido. Kowace alamar adinkra magana ce ta Asante, mutanen yankin Kumasi, tana da suna, akasari da karin magana a bayanta. Masu sana'ar a Ntonso, garin da ya yi suna da wannan bugu kusa da Kumasi, ba sa ɗora tambari a yadi sai sun san abin da yake faɗa. Amma sai a miƙa wa yaro takarda cike da zane a ce ya ɗauki wanda ya burge shi. Ya ɗauki Nyame dua saboda ta yi kama da fure, alhali hoton wani itace ne mai rassa da ake kafawa a gida a ɗora masa tukunya don ibadar gargajiya. Gidan da zai rataye ta ya kamata ya san haka tun kafin fenti ya bushe. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne Gye Nyame, mai nufin "in ba Allah ba", a buga ta a tabarmar ƙofa ko a silifas ana takawa. Haba jama'a! Kun ce kuna koya wa yaro girmama Allah, sannan kun shimfiɗa masa ambatonsa a ƙasa? Wannan alama wurinta bango ne ko murfin littafi.

Ni dokata ɗaya ce: yaro ba ya taɓa fenti sai ya faɗi ma'anar alamarsa da bakinsa, ya kuma faɗi wanda zai ba wa a gidan. In zumunci ake so a nuna, akwai Nkonsonkonson, wato sarƙa. Fihankra gida ne mai tsakar gida, alamar tsaro da zaman dangi. Akoma zuciya ce, tana nufin haƙuri. Ga 'yan'uwa masu yawan rigima kuwa, babu kamar kadojin nan biyu masu ciki ɗaya, Funtunfunefu, da ke faɗa kan abinci duk da cewa tumbi guda zai shiga. A kula da launi ma: baƙin bugu a kan jan yadi mai duhu ko ruwan ƙasa kayan makoki ne a wajen Asante. Na suna ko salla a yi shi a kan fari.

Sai sassaƙa tambari. A Ntonso da ƙwarya mai kauri suke yi, su kafa mata mariƙin tsinke, amma ƙwarya ta fi ƙarfin hannun yaro. A yi amfani da dankalin Turawa da aka raba biyu ko robar tsohon silifas, kuma babba ne zai riƙe wuƙa. Abin da ake mantawa shi ne tambari yana fitowa a juye. A zana Gye Nyame daidai a kan dankali, a buga, ta fito ta bai-bai, sunan yaron ma haka. Maganinsa a zana da fensir mai laushi a takarda, a kifa ta a kan robar a goga bayanta da cokali, zanen zai hau a juye, bugun ya fito daidai. Ramin da aka sassaƙa ya kai zurfin milimita 5, in ba haka ba fenti ya cike shi a ga dunƙulen baƙi kawai. Dankali kuma a tsane shi da tsumma sosai, domin ruwansa ke tsinka fenti ya bazu.

Kada a tsoma tambari cikin gwangwani. A shafa cokali ɗaya na fenti a soso, a dangwala, a gwada sau biyu a tsohuwar jarida, sannan a danna a yadi a ɗaga sama tsaye ba tare da murzawa ba.

Sabon yadi a wanke sitacinsa tukuna, in ba haka ba fenti ba zai kama ba. A shimfiɗa tsohon bargo ƙarƙashi, a ja yadin ya miƙe a danne gefunansa. A fara ja layukan murabba'i da matajin katako kafin bugu, kamar yadda masu sana'ar ke yi, don kada alamomi su hau juna.

Tawadar asali da ake dafawa daga ɓawon itacen badie ba ta jure wanki, saboda haka rigar yara a yi ta da fentin yadi na kanti. A bar ta kwana ɗaya ta bushe, a juya ta a goge bayanta da dutsen guga na minti 3 zuwa 5 kafin ta ga ruwa.