Matakan Da Za Ka Bi Idan Injin Mota Ya Ɗauki Zafi

Direbobi da dama sun sha tambayata abin da za su yi idan allurar zafi ta haura zuwa ja, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ga matakan bi da bi.

1. Ka kashe kwandishan nan take.
2. Ka kunna fitilun gargaɗi.
3. Ka gangara gefen titi, nesa da kwana.
4. Ka kashe injin.
5. Ka jira aƙalla minti 30 domin ya huce.

Gargaɗi: a nan ne aka fi yin kuskure. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto alhali injin yana da zafi, domin tafasasshen ruwan da ke matse a ciki zai yi tsartuwa ya ƙone maka fuska da hannu.

6. Ka ɗaga bonet bayan tururi ya daina fita.
7. Ka duba ko tiyo ya fashe, ko fanbel ya tsinke.
8. Ka ɗora tsumma mai kauri a kan murfin lagireton.
9. Ka murɗa shi kaɗan, har hucin ya gama fita, kafin ka cire shi.
10. Ka zuba ruwa mai tsafta a cikin lagireton sannu a hankali. Ruwan sanyi a kan inji mai zafi yana iya tsaga shi.
11. Ka mayar da murfin, ka ɗaure shi sosai.
12. Ka tayar da motar, idonka yana kan allurar.

Idan ta sake haurawa, ka tsaya ka kira makanike, domin tilasta wa motar tafiya yana iya ƙone gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da gangar jikinsa.