Yadda ake kwashe sabis-sabis da dogaronsu daga Opsgenie zuwa PagerDuty

Opsgenie da PagerDuty manhajoji ne da ke karɓar faɗakarwa su kira injiniyan da ke duti idan wani sabis (ɓangaren manhaja mai aiki) ya sami matsala. Kamfanin Atlassian ya daina sayar da Opsgenie tun 4 ga Yuni, 2025, ya kuma tsayar da 5 ga Afrilu, 2027 a matsayin ranar rufe shi baki ɗaya. Burinsa a koma Jira Service Management ko Compass, amma wasu sun gwammace PagerDuty. Kwafe sunayen sabis abu ne mai sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne alaƙar da ke tsakaninsu: wane sabis ne ya dogara da wane, kuma wayar wa za ta yi ƙara idan ya tsaya da tsakar dare.

Mataki na 1: Fitar da komai, ka tace

Da mabuɗin API na Opsgenie ka janyo jerin ma'aikata, ƙungiyoyi, jadawalin masu duti, tsarin miƙa kira (escalation policy, wato jerin wanda za a fara kira da wanda zai biyo in bai amsa ba) da sabis-sabis ɗin kansu. Bayanan shafi-shafi suke zuwa, don haka ka tabbata ka kai shafin ƙarshe. Adana su a Git.

Daga nan sai tacewa. Za ka tarar da sabis ɗin da aka kashe tun bara, da wanda mai kula da shi ya bar aiki. Sabis ɗin da babu ƙungiyar da ta ce nata ne, kada ka kwashe shi sai an sama masa mai shi.

Mataki na 2: Fahimci bambancin ginin

Opsgenie a kan ƙungiya aka gina shi: faɗakarwa ta zo wa ƙungiya, dokokinta su raba ta. A PagerDuty kuwa sabis ne ginshiƙi, kuma kowane sabis tsarin miƙa kira ɗaya tak yake da shi. Idan ƙungiya tana tura matsalar rumbun bayanai ga mutum biyu, ta manhajar waya ga wasu daban, to ko ka raba su sabis biyu, ko ka tsara rabon da Event Orchestration, wato dokokin PagerDuty na rarraba faɗakarwa.

PagerDuty ya kuma raba sabis gida biyu. Akwai na fasaha, kamar rumbun PostgreSQL ko API na biyan kuɗi, su ne ke karɓar faɗakarwa. Akwai na kasuwanci, kamar "tura kuɗi" ko "buɗe asusu", wato abin da kwastoma ke gani. A ganina, a fara da na kasuwanci kaɗan. In suka yi yawa babu mai duba su.

Mataki na 3: Bi jeri, ka riƙe teburin lambobi

Ba ya yiwuwa ka ƙirƙiri sabis babu tsarin miƙa kira, shi kuma tsarin sai da mutane ko jadawali. Saboda haka jerin shi ne: ma'aikata, ƙungiyoyi, jadawali, tsarin miƙa kira, sannan sabis. Wajen jadawali ka duba yankin lokaci. In ma'aikatanka a Najeriya suke, aka bar shi a UTC maimakon Africa/Lagos, miƙa duti zai goce da awa ɗaya.

Duk abin da ka ƙirƙira sabuwar lambar ID zai samu. Buɗe tebur mai ginshiƙi uku: suna, tsohuwar lamba, sabuwar lamba. Kada ka dogara da suna kaɗai, domin "payments" da "payments-api" sun isa su rikita maka lissafi.

Mataki na 4: Ɗaura dogaron

Nan ne za ka ɓata lokaci, kuma ya cancanta. Abin da aka rubuta a tsohon tsari sau da yawa ya tsufa. Gwada shi da wasu majiyoyi: layin dependsOn a fayil ɗin catalog-info.yaml in kuna amfani da Backstage (manhajar kundin sabis-sabis), da bakin injiniyoyin da ke tashi da dare. Tambaye su kai tsaye: "In Redis ya faɗi, me zai bi shi?"

Sai an gama ƙirƙirar duk sabis-sabis ake ɗaura dogaro, ta adireshin /service_dependencies/associate na API ɗin PagerDuty. Kowace alaƙa tana da ɓangare biyu. A supporting_service ake sa wanda aka jingina da shi, a dependent_service kuma wanda ya jingina. Rumbun bayanai ne ke tallafe da API, API ke tallafe da "tura kuɗi". Ka juya su, tsarin zai iya karɓa bai ce uffan ba, amma taswirar za ta nuna wa mai duti akasin gaskiya ranar da ya fi buƙatarta. Ɗauki sabis biyar da ka sani ciki da waje, ka bi kibiyoyinsu da ido a Service Graph, taswirar dogaro ta PagerDuty.

In da hali, yi wannan da Terraform, manhajar da ake rubuta saiti da ita a fayil. Akwai pagerduty_service, pagerduty_business_service da pagerduty_service_dependency, kuma abokin aiki zai iya duba canji kafin ya shiga.

Mataki na 5: Tura faɗakarwa wuri biyu

Kada ka yanke tsohon nan take. A Alertmanager na Prometheus, manhajar da ke aika faɗakarwa, mai karɓa ɗaya zai iya ɗaukar opsgenie_configs da pagerduty_configs a tare, kowane sabis da nasa routing_key. Kula da abu biyu. Abin da Opsgenie ke haɗe maimaitattun faɗakarwa da shi alias ne, a PagerDuty kuma dedup_key. Rubutun lamba (script) da kuka yi da hannu in bai tura shi ba, matsala ɗaya za ta zama goma. Sannan P1 zuwa P5 na Opsgenie ba su yi daidai da critical, error, warning da info na PagerDuty ba, sai kun zauna kun yanke wanda zai tayar da mutum daga barci.

Bari a yi aƙalla zagayen duti ɗaya cikakke a haka. Tayar da matsalar gwaji a kowane sabis, ka ƙi amsawa, ka ga ko kiran zai wuce ga na biyu. Gwada kiran waya da SMS a kan layukan ma'aikatan na ainihi.

Kafin ka kashe Opsgenie, bincika abubuwan da ke ɓuya: adiresoshin imel da tsofaffin na'urori ke tura faɗakarwa, saƙonnin heartbeat (masu nuna aiki na raye) na ayyukan cron masu gudana kan jadawali, da mabuɗan API na Opsgenie (GenieKey) da aka binne cikin rubutun CI, wato tsarin gina manhaja da gwada ta kai tsaye. Sauke tarihin matsalolin baya ka adana, sannan ka soke mabuɗan ɗaya bayan ɗaya, kana lura da abin da zai yi kuka.