Yadda zaka hana ruwan sama kwashe maka fosfaras daga gona

Duba buhun takinka, lambar tsakiya a NPK 15-15-15 ita ce fosfaras, in DAP ne kuwa zaka ga 18-46-0, wato shi ne ma mafi yawa a ciki. Toh shi wannan sinadari halinsa daban yake da na yuriya, baya tashi ya bi iska kuma baya saurin nutsewa ƙasa, maƙalewa yake a jikin ƙasar sama. Shi yasa duk ranar da ka ga jan ruwa mai laka yana fita ta gefen gonarka, wallahi takinka ne yake tafiya kana kallo.

Abu na farko, dan Allah a daina watsa taki a sama a juya a tafi gida. Binne shi zakayi, kamar santimita 5 daga gefen iri da kuma santimita 5 ƙasa da shi, saiwa ta same shi a kusa, ruwa kuma bai ganshi ba balle ya ɗauka. In ka ga hadari ya haɗu sosai ko ƙasa ta riga ta sha ruwa ta ƙoshi to ka haƙura sai an kwana biyu, don asarar da tafi muni ruwan farko mai ƙarfi bayan zuba taki ne yake yinta.

Sai maganar takin dabbobi, nan ne mutane suka fi yaudarar kansu, wai ai na gargajiya ne baya illa. Yana yi mana. Kashin kaji musamman fosfaras ɗinsa na da yawa, in kana lafta shi duk shekara don ganye yayi kore shar, naitirojin ɗin shuka zata cinye amma fosfaras ya dinga taruwa a ƙasa har ya wuce abinda take buƙata, daga nan ko laka bata tafi ba ruwan kansa narkar da shi yake ya wuce da shi. Ka kai ƙasarka a gwada ko da bayan shekara 3 ne, in ta nuna akwai shi da yawa ka rage, shikenan. Tarin takin ma kar a ajiye shi bakin rafi ko kan hanyar ruwa, a sama mishi tudu a rufe da tamfol, baƙin ruwan nan dake tsiyaya daga ƙarƙashinsa ai shi ne romon.

Kunya kuma a yi ta a kwance ta tare gangare, kar ta bi shi. A bar karan amfanin bara ya rufe ƙasa. Tsakanin gona da rafi a bar layin ciyawa mai kauri irin jema, tana rage wa ruwa gudu laka ta zauna.

Wani zai ce to in ya tafi ina ruwan wani, ai kuɗina ne. A tafki yake ƙarewa, gansakuka ta samu abinci ta rufe ruwa, in ta mutu tana ruɓewa ta cinye iskar da kifi ke shaƙa sai ka ga kifi ya taso sama a mace. A watan Agusta 2014 mutanen birnin Toledo na Amurka da kewayensa, kusan 400,000, sai da aka hana su shan ruwan famfo na wajen kwana 3 saboda gubar irin wannan gansakukar a tafkin Erie.