Ga Ɗan Gudun Hijira Mai Nakasa da Ya Sauka a Sabuwar Ƙasa

A makonnin farko bayan an tsugunar da kai, mutane za su zagaye ka: jami'in da ke riƙe da fayil ɗinka, likita, tafinta, 'yan sa-kai. Yawancinsu alheri suke nufi. Amma ka lura, sau da yawa za su juya ga wanda ya turo kekenka su ce, "Me yake buƙata?" alhali kana zaune kana ji. Kada ka bari hakan ya zama jiki. Amsa da bakinka, ko ta hanyar tafinta ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya ratso yaƙi da zaman sansani da wannan jikin ya fi kowa sanin abin da zai iya.

Kada kunya ta sa ka ɓoye lalurarka. Amurka tana da dokar kare nakasassu tun 1990, Birtaniya kuma tana da dokar daidaito ta 2010. Dukansu sun ɗora wa masu ɗaukar aiki nauyin yin gyara daidai gwargwado domin ka iya aikinka, kamar sauya maka lokacin shiga ko sa manhajar da ke karanta wa makaho rubutu a kwamfuta. Sai dai galibi ba a yi sai ka nema. Haka batun gida: idan matakala ta fi ƙarfinka, faɗi kafin ka sa hannu. Kurame kuwa su sani, maganar hannu ta Amurka daban take da ta Birtaniya.

Akwai wani abu da nake so na Amurka su riƙe da kyau. Tallafin kuɗin nakasa da gwamnati ke bayarwa, wato SSI, shekara 7 kawai ɗan gudun hijira ke samu, sai fa in ya zama ɗan ƙasa. Don haka ka fara shirin takardun zama ɗan ƙasa da wuri. Idan lalurarka ta hana ka koyon Turanci, likita na iya cika fom N-648 a nema maka sassaucin jarrabawar zama ɗan ƙasa.

Sannan ka nemi 'yan'uwanka nakasassu da suka riga ka zama. A Amurka akwai cibiyoyin dogaro da kai waɗanda nakasassu ne da kansu ke tafiyar da su. A can za a nuna maka yadda ake shiga bas da keke, da inda ake koyon sana'a. Tambayi jami'inka adireshin wadda ta fi kusa da kai tun a zamanku na gaba.